Kalmomin Kiwon Tsutsar Siliki a Harshen Japananci

Kafin mu shiga kalmomin, sai mu fayyace abin da muke nufi da kiwon tsutsar siliki: ciyar da wata farar tsutsa da ganyen bishiyar malberi har ta saƙa wa kanta ƙwanso, wanda daga jikinsa ake warware zaren alharini. Japanawa na kiran sana'ar "yosan", tsutsar "kaiko", bishiyar "kuwa", ƙwanson kuma "mayu" (mai karatu ya kwantar da hankalinsa, ba mayun garinmu ba ne). Zarenmu na tsamiya daga tsutsar daji ake samunsa. Kaiko kuwa ba ta iya rayuwa sai a hannun mutum, kuma wannan dogaro ne ya haifi yawancin kalmomin.

Kashi na farko na kalmomin yana bin shekarun tsutsar. Ƙwan ana ce masa "sanshu", wato iri, kamar na shuka. Wadda ta ƙyanƙyashe, baƙa ce ƙanƙanuwa mai gashi-gashi, sunanta "kego". Sau huɗu takan daina cin ganye, ta ɗaga kai sama ta tsaya cik kafin ta saɓule fata. Wannan tsayawa ita ce "min", ma'ana barci. Tsakanin barci da barci kuma "rei" ne, mataki na girma; idan aka haɗa da na kafin barcin farko da na bayan barcin ƙarshe, guda biyar ke nan.

Kashi na biyu aikin hannu yake bi. "Hakitate" shi ne share jariran da gashin tsuntsu daga kan takardar ƙwai zuwa faifan kiwo, don yatsa zai iya murƙushe su. "Jozoku" kuwa shi ne ɗora waɗanda suka ƙosa, jikinsu ya fara sheƙi, a kan "mabushi", ragar da za su yi saƙa a cikinta.

Kashi na uku ya fi jan hankalinmu, domin shi ke nuna matsayin tsutsar a gida. Ana ƙirga ta da "to", wato kai, kalmar da ake ƙirga shanu da dawaki da ita. A ƙauyukan Gunma, lardin da gwamnati ta kafa masana'antar zare ta Tomiyoka a 1872, manoma kan ce "okaiko-sama". Wannan "sama" ɗafa-ƙeya ce ta girmamawa da ake liƙa wa manyan mutane da alloli, ga shi an liƙa wa tsutsar da a da kuɗin ƙwansonta ke ciyar da iyali.