Batmusa: Tsibirin da Aka Kai Mutum Don A Rufe Bakinsa

A darasinmu na tarihin ikkilisiya na wannan mako za mu duba wani wuri da kusan dukanmu muka ji sunansa tun muna makarantar Lahadi, amma kaɗan ne cikinmu suka san yana nan har yau, da mutane a cikinsa, har ana sayen tikiti a shiga jirgi a je yawon buɗe ido. Wurin shi ne tsibirin Batmusa, wanda a taswira ake rubuta shi Patmos. Kafin ku ci gaba, ku buɗe Ru'ya ta Yohanna, wato Wahayin Yahaya, ku karanta sura ta 1, aya ta 9 zuwa 11.

Inda yake da yadda ake zuwa

Batmusa na cikin Tekun Ejiya, tsakanin ƙasar Girka da Turkiyya. A yau mallakar Girka ne, ko da yake ya fi kusa da gaɓar Turkiyya nesa ba kusa ba. Ƙaramin wuri ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 34 ba, mazaunansa kuma dubu uku ne da 'yan kai. Masana ƙasa sun ce duwatsunsa daga aman wuta suka samo asali, shi ya sa ƙasar take da tsandauri, ga tsaunuka, ga gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ga ƙarancin ruwan sha. Wutar ta daɗe da mutuwa, duwatsun da ta bari ne kawai suke tsaye. Tudu mafi tsawo ya kai mita 269, ana kiransa da sunan annabi Iliya.

Babu filin jirgin sama a tsibirin, duk mai zuwa sai ya bi ta ruwa. Daga babbar tashar jiragen ruwa ta Atina tafiyar takan ci awa bakwai ko fiye. Masu zuwa su dawo a yini guda kuwa sukan taso da sassafe daga tsibiran da ke kusa, kamar Samos da Kos, a jirgin fito. Waɗannan sunaye ba baƙinmu ba ne: Manzo Bulus ya bi ta dukansu biyu a hanyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 20 da 21 suka nuna.

Jirgin yakan tsaya a garin Skala da ke bakin ruwa. Daga nan mai jagora ya tattara mutanensa, su shiga bas su hau tudu. Zango na farko kogo ne a tsakiyar hawan, zango na biyu kuma babban gidan 'yan zuhudu ne a can ƙoli, mai katanga kamar ganuwar birni, kewaye da fararen gidaje na garin Hora. Ana roƙon baƙi su rufe kafaɗu da gwiwoyi, gama wuraren sujada ne. Bayan haka a ci abinci, a ɗauki hoto, mai jagora ya dubi agogo ya ce a yi sauri kada jirgi ya tashi. Kafin magariba kowa ya koma masaukinsa.

Kowane baƙo yana hawa tudun nan da tikitin komawa a aljihunsa. Yohanna bai zo da shi ba.

Abin da ya kai Yohanna can

A aya ta 9 Yohanna ya faɗi dalilin da kansa cikin 'yan kalmomi: bishara ce ta kai shi. Bai faɗi shekara ba, amma Ireniyus, bishof na birnin Liyon, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa an ga wahayin ne kusa da ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan. Shaidarsa tana da nauyi, domin yana yaro ya saurari koyarwar Folikaf na Samirna, shi Folikaf kuwa ya san Yohanna. Domishiyan ya yi mulki daga shekara ta 81 zuwa 96, saboda haka yawancin masana suna sa rubutun wajen shekara ta 95.

A lokacin, biranen lardin Asiya, wato yammacin Turkiyya ta yau, suna gasar girmama Kaisar. A Afisa an keɓe babban haikali don gidan sarautarsa wajen shekara ta 89 ko 90, kuma har yanzu ana iya ganin ƙaton kai da hannu na gunkin da aka kafa a wurin a gidan tarihi da ke kusa da kangon birnin. Marubucin Romawa Suwetoniyus ya ba da labari cewa Domishiyan yana so a riƙa kiransa ubangiji da allah.

Masana tarihi sun nuna cewa ba wata doka guda aka kafa ta kama dukan Kirista a faɗin daular ba. Matsin ya fi fitowa daga kusa: daga maƙwabci, daga kasuwa, daga ƙungiyar masu sana'a wadda bikinta yake haɗe da hadaya ga gunki. Wanda ya ƙi halarta sai a ɗauke shi maƙiyin gari, ya rasa ciniki, wani lokaci a kai ƙararsa. A Birgamas an riga an kashe wani mai bi mai suna Antifas. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini ya rubuta wa Kaisar Tarajan yadda yake gwada waɗanda aka zarga: su miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar Kaisar, su kuma zagi Almasihu. Wanda ya yi, a sake shi.

Kora zuwa tsibiri hukunci ne da Romawa suka saba da shi. A shekara ta 95 Domishiyan ya kashe ɗan'uwansa Kilemas, ya kori matarsa Domitila zuwa wani tsibiri. Hukuncin iri biyu ne: mai tsanani, wanda ake ƙwace dukiya da 'yancin mutum har abada, da mai sauƙi, wanda gwamna ma zai iya yankewa, kamar ɗaurin talala. Tartuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya yi amfani da kalmar na biyun a kan Yohanna. Batmusa ba kufai ba ne a zamanin. Yana ƙarƙashin birnin Militas, akwai mazauna, akwai haikalin Artimis. Ba a bukatar sarƙa a irin wannan wuri. Tekun da baƙi suke biyan kuɗi don su kalla a yau, shi ne katangar kurkukun.

Manufar hukuncin a fili take. A raba makiyayi da garke, a bar tsoho ya shiga mantuwa ba tare da an mai da shi shahidi ba.

Abin da ya fito daga wurin

A ranar Ubangiji, in ji littafin, Yohanna yana cikin Ruhu sa'ad da aka umarce shi ya rubuta abin da ya gani, ya aika wa ikkilisiyoyi bakwai: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya. In muka dubi taswira, jerin sunayen ya bi hanyar da ɗan aike zai bi: ya sauka a Afisa, ya yi arewa har Birgamas, sa'an nan ya juyo kudu maso gabas. Wasiƙa ce ta gaske, zuwa ga mutane na gaske, kuma ta ƙetare ruwan da mai ita ba shi da izinin ƙetarewa.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, Yohanna bai gabatar da kansa da muƙami ba, ya kira kansa ɗan'uwa da abokin tarayya cikin wahala. Na biyu, bai yi wa masu shan tsanani daɗin baki kawai ba. Biyar cikin bakwai ɗin an kira su ga tuba. Samirna da Filadalfiya ne kaɗai ba a tsauta musu ba, su ne kuwa aka ambata da talauci da ƙarancin ƙarfi. Shan wahala bai zama hujjar sanyin ƙauna ko sassauci da zunubi ba.

Teku ya cika littafin nan. Daga cikinsa dabbar nan ta fito a sura ta 13, a kansa kuma 'yan kasuwar Babila suke kukan dukiyarsu a sura ta 18. Da aka kai sura ta 21, cikin abubuwan da ba za su kasance a sabuwar halitta ba, teku ne aka fara ambata. Ga Yahudawa teku alama ce ta hargitsi da mugunta, wannan gaskiya ne. Amma mu tuna wanda ya rubuta: tsoho ne da kowace safiya yake ganin ruwa tsakaninsa da 'ya'yansa na bangaskiya.

A watan Satumba na shekara ta 96 aka kashe Domishiyan a cikin fadarsa. Majalisar dattawan Roma ta ba da umarni a goge sunansa daga gine-gine, a rushe siffofinsa. Nerba da ya gaje shi ya ba korarru izinin komawa gida. Yusibiyus, marubucin tarihin ikkilisiya, ya ce a nan ne Yohanna ya koma Afisa, Ireniyus kuma ya ce ya rayu har zamanin Tarajan, wanda ya hau mulki a shekara ta 98. Sunan mai korar aka goge. Wasiƙar korarren muke karantawa da Hausa.

Wani ɗan gudun hijira, bayan shekara dubu

Daga baya hare-haren 'yan fashin teku sun sa tsibirin ya kusan zama kufai na ƙarnoni. A shekara ta 1088 wani ɗan zuhudu mai suna Kiristodulos, ma'anar sunan bawan Almasihu, ya roƙi Sarki Aleksiyos na Farko a Kustantiniya ya ba shi Batmusa. Shi ma ɗan gudun hijira ne. Yaƙi ya kore shi daga dutsen Latros da ke kusa da Militas. Takardar kyautar tana nan a ajiye a gidan 'yan zuhudun har yau. Ya fara ginin, amma bai ga ƙarshensa ba: wani hari ya sake korarsa zuwa tsibirin Yubiya, inda ya rasu a 1093. Almajiransa ne suka koma suka ƙarasa aikin, suka kuma kawo ƙasusuwansa.

Abin da suka fi kiyayewa a bayan katangar nan littattafai ne. Ɗakin karatunsu yana da ɗaruruwan littattafai rubutun hannu, cikinsu har da shafuka 33 na Bisharar Markus daga ƙarni na 6, an rubuta da azurfa a kan fata mai launin shunayya. A 1713 aka kafa makaranta kusa da kogon. Mulki ya yi ta canjawa, daga Turkawa zuwa Italiya a 1912, har aka haɗe tsibirin da Girka a 1948, amma sujada ta ci gaba. A 1999 UNESCO ta sa kogon da gidan 'yan zuhudun da garin Hora cikin wuraren tarihi na duniya.

A cikin kogon mai jagora yakan nuna ramin da aka ce Yohanna yake sa kansa, da tsagewar dutse gida uku, da wurin da aka ce Burokoras ya tsaya yana rubutu. Wannan al'ada ce ta ikkilisiyar Otodoks, muna kuma girmama masu riƙe da ita. Sai dai mu bambance: Nassi ya ambaci tsibiri, bai ambaci kogo ko magatakarda ba. Bangaskiyarmu ba ta rataya a kan tsagewar dutse ba.

Darasi a gare mu

Cikin masu karanta wannan akwai wanda rikici ya raba da ƙauyensu, yana sujada a majami'ar da ba ta kakanninsa ba. Akwai wadda ta gama makaranta shekara uku ke nan tana zaune a gida. Akwai wanda danginsa suka juya masa baya saboda sunan Yesu. Tarihin Batmusa bai yi mana alkawarin cewa jirgin komawa zai zo gobe ba. Yohanna ya koma, Kiristodulos bai koma da ransa ba. Abin da ya nuna mana shi ne, dukansu biyu ba su jira sai an sake su kafin su yi aikin da ke gabansu ba. Ɗaya ya kiyaye ranar Ubangiji ba tare da taron jama'a ba, ya kuma rubuta wa 'yan'uwa. Ɗaya ya aza harsashin ginin da wasu za su ƙarasa.

Saboda haka a wannan mako bari kowannenmu ya karanta sura ta 2 da ta 3, ya tambayi kansa wace wasiƙa ce cikin bakwai ɗin ta fi kama da zumuntarmu. Sa'an nan ya nemi ɗan'uwa guda da nisa ko wahala ta raba da mu, ya kira shi ko ya aika masa da saƙo. Abin da Yohanna ya yi ke nan da takarda da tawada.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka sami bawanka a tsakiyar teku, ka tuna da 'yan'uwanmu da suke nesa da gida. Ka ba mu jimiri a inda muke, ka tsare bakinmu daga yin shiru game da Ɗanka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.