DALLA-DALLA: Yadda lissafin kuɗin gwamnati ya koma kwamfuta, da abin da ya rage a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Ɗalibin da ya taɓa biyan kuɗin makaranta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ya riga ya ɗanɗana tsarin da wannan bayani ya shafa. Ya shiga intanet, ya ciro lambar biya ta Remita, ya biya a banki ko ta waya, kuɗin kuma suka zarce asusun gwamnatin tarayya da ke Babban Bankin Najeriya ba tare da sun kwana a aljihun tebur ɗin kowa ba. Wannan shi ne Asusun Bai-ɗaya, wato TSA, wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa ma'aikatu da hukumominta shiga a watan Satumba na 2015. Shi da 'yan uwansa suka sauya yadda gwamnati ke karɓar kuɗi, take biya, take kuma ba da rahoto. Sai dai sauyin ya fi ƙarfi a Abuja, ya ɗan yi sanyi a Dutse, ya kuma fi rauni a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda talaka ya fi kusa da gwamnati.

Daga baitulmali zuwa na'ura

Rubuta kuɗin hukuma daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki. Tun zamanin En'e, masarautar Kazaure na da baitulmalinta da ma'ajinta, kamar Kano da Gumel da Haɗeja da suke lardi ɗaya da ita. Haraji da jangali su shigo, a yanka rasit, a rubuta a littafi, a shirya kasafin shekara. Garambawul ɗin 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, amma kayan aikin suka zauna yadda suke: bauca, littafin shige da ficen kuɗi, littafin kason kowane sashe, da sa hannun ma'aji. Illar takarda sananniya ce. Tana ɓata, gara na cin ta, ana iya sake rubuta ta bayan an gama aika-aika, kuma odita ba ya ganin ta sai shekara ta juya.

Jigawa ta shiga harkar kwamfuta da wuri. Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure da ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics a garinsu, ya kuma zuba jari a kamfanin intanet na Galaxy a Dutse. Daga baya shirye-shiryen da Birtaniya ta ɗauki nauyi, SPARC daga 2008 zuwa 2016 sannan PERL, suka yi aiki da ma'aikatan jihar kan tsara kasafi da daidaita shi da manufofin kowane fanni. A zamanin Sule Lamido aka ƙarfafa hukumar tantance kwangila da bin diddigin ayyuka. Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura da ya karanci aikin akanta, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, har jama'a suka laƙaba masa "Baba mai kalkuleta". Wanda ya gaje shi, Umar Namadi, shi ma akanta ne, kuma ya riƙe kwamishinan kuɗi a wa'adin Badaru na farko. Jihar da akantoci biyu suka mulka a jere ba ta da uzurin rashin sanin lissafi.

Ginshiƙan tsarin

Bayan TSA akwai IPPIS, rumbun albashin ma'aikatan tarayya da aka fara a 2007 domin kawar da ma'aikatan bogi, da GIFMIS da ya fara aiki a 2012, wanda ta cikinsa ma'aikatun tarayya ke sakin kuɗi daga kasafi. A watan Disamba na 2019 aka buɗe shafin baitulmalin tarayya na intanet, inda aka wajabta wa ma'aikatu wallafa duk biyan da ya haura Naira miliyan 5. Jihohi suna da nasu kwatankwacin waɗannan.

Abubuwa biyu ne ba a cika maganarsu a kafafen labarai ba, alhali su ne ƙashin bayan komai. Na farko shi ne ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IPSAS, waɗanda Najeriya ta ɗauka ga matakan gwamnati uku: lissafin tsabar kuɗi daga 2014, lissafin haƙƙi da bashi daga 2016. Bambancinsu na da sauƙin ganewa. A ce ɗan kwangila ya kammala kwalbati a Gwiwa a watan Disamba, ba a biya shi ba sai Maris. A tsohon tsari, littafin shekarar da aka yi aikin ba zai nuna komai ba, domin ko kwabo bai fita ba. Shugaban ƙaramar hukuma na iya sauka ya bar tulin bashi, littafinsa kuwa fes. A sabon tsari, tilas a rubuta bashin a shekarar da aka ci shi, a kuma lissafa kadarorin hukuma: motoci, gine-gine, rumfunan kasuwa. Haƙƙin 'yan fansho da ba a biya ba shi ma sai ya bayyana.

Na biyu shi ne jadawalin lambobin lissafi na ƙasa. Kowace Naira da aka ware ko aka kashe tana ɗauke da doguwar lamba mai rukuni shida: wace ma'aikata ce, wane irin kashe kuɗi ne, wane fanni ne, wane shiri ne, daga wane asusu, sannan a wane wuri. Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi amfani ga matashin Roni ko Babura, domin kowace ƙaramar hukuma na da lambarta. Idan an cika shi da gaskiya, mutum na iya tace kasafin jiha ya ware ayyukan da aka yi wa yankinsa alkawari, ya tara kuɗinsu, ya kwatanta da na maƙwabta. Matsalar ita ce ma'aikatu a jihohi da dama sun fi son lambar da ke nufin "faɗin jiha". Da zarar an rubuta gyaran makarantu ko haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙarƙashinta, babu mai iya cewa nawa ne rabon Gwiwa. Lamba ta cika, ƙa'ida ba ta karye ba, amma an rufe ƙofar tambaya.

Abin da ya sa jihohi suka fara wallafawa

Kuɗi ne ya motsa su. A 2018 Bankin Duniya ya amince da shirin SFTAS na Dala miliyan 750, ya ƙara wasu miliyan 750 a 2020. Gwamnatin tarayya ce ta ci bashin, ta riƙa raba shi kyauta ga jihohin da suka cika sharuɗɗa: su sa kasafin shekara a intanet kan lokaci, su wallafa lissafin da odita ya tantance, su fitar da rahoton aiwatar da kasafi bayan kowane wata uku, su haɗa albashi da lambar BVN, su tattara asusunsu wuri guda, su bayyana bashinsu. Jigawa na cikin jihohin da suka shiga, shi ya sa a yau ana samun kasafinta da rahotanninta a shafin gwamnatin jihar. Shirin ya ƙare, tallafinsa ya tsaya. Yanzu ne za a gane jihar da ta mayar da wallafawa ɗabi'a da wadda ta yi don ladan Bankin Duniya.

Inda sawu ke ɓacewa

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da kason kowace ɗaya duk wata, don haka sanin abin da aka ware wa Kazaure ko Babura ba ya buƙatar sanin wani babba. Daga nan ne hanya ke shiga duhu. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a mafi yawan jihohi a nan ake cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya a matakin farko, kason fansho, na masarautu da na ayyukan haɗaka, kafin ragowar ta isa sakatariya. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire halal ne, wajibi ma. Tambayar ita ce ko ana wallafa su dalla-dalla, wata bayan wata.

An yi ta ƙoƙarin toshe wannan rami. A 2019 hukumar bin sawun hada-hadar kuɗi ta NFIU ta taƙaita cirar tsaba daga asusun ƙaramar hukuma zuwa Naira dubu 500 a rana, a 2023 kuma ta haramta cirar tsaba daga asusun gwamnati baki ɗaya. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shekara ta zagayo ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Gwamnatocin Jigawa sun sha cewa ba sa taɓa kuɗin ƙananan hukumominsu. Hanya mafi sauƙi ta gaskata wannan ita ce jera takardar Abuja kusa da rahoton Odita Janar na ƙananan hukumomin jihar, a ga ko alƙaluman sun haɗu.

Ko da kuɗin sun iso kai tsaye, kwamfuta ba ta gyara ofishin da aikinsa ke a hargitse. Masu gyaran tsarin ma'aikatu sun daɗe da sanin cewa sai an raba hannu: mai shigar da biya daban, mai dubawa daban, mai amincewa daban, kowa da kalmar sirrinsa. Inda mutum ɗaya ya riƙe duka ukun, ko shugaba ya ba yaronsa tasa, an koma gidan jiya, sai dai yanzu ɓarna ta fi sauri. Ga kuma ƙarancin wuta da raunin sadarwa a ƙauyuka, ga harajin kasuwa da na tasha da har yanzu yawancinsa hannu da hannu ake karɓa. Darasin ya fito fili a 2022, lokacin da EFCC ta gurfanar da Akanta Janar na Tarayya na wancan lokaci, Ahmed Idris, bisa zargin karkatar da Naira biliyan 109, zargin da ya musanta. Ofishin da ke riƙe da TSA da IPPIS da GIFMIS kenan.

Akwai kuma iyakar da na'ura ba ta tsallakewa. Tana iya shaida cewa an tura kuɗin rufin aji zuwa asusun wani kamfani a rana kaza. Ba ta ganin ko kwano ya hau. Wannan aikin mutanen gari ne, irin wanda ƙungiyar BudgIT ke yi da shirinta na Tracka, inda ake ɗaukar layin kasafi a je wurin a duba. Matashin Roni da ke da waya zai iya sauke kasafin jiha da rahoton wata uku, ya nemo lambar ƙaramar hukumarsa, ya ɗauki hoton aikin yadda ya same shi. Idan takardar da yake nema ba ta intanet, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi kamar yadda ta hau kan tarayya.