Lokacin da ɗalibbai suka zama alƙalan adabi

Tun shekara ta 1903 ake bayar da kyautar Goncourt a ƙasar Faransa, kuma marubuta goma ne kawai ke yanke hukunci a kanta. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, yuro goma ne kacal, amma littafin da ya ci yana samun suna da kasuwa. Shekaru 85 ana haka, ba wanda ya nemi jin ra'ayin matasan da ake tilasta wa karatun adabi cikin aji.

A shekara ta 1988 hukumar ilimi ta birnin Rennes da kamfanin Fnac mai sayar da littattafai suka shirya wani gwaji, da yardar dattawan Goncourt: a miƙa wa ɗalibban lise littattafan da dattawan suka tace, su karanta, su yi muhawara, su jefa ƙuri'a. A karon farko yaran sun zaɓi L'Exposition coloniale na Erik Orsenna, wato littafin da manyansu ma suka zaɓa. Daga baya abin ya game ƙasar, har ya kai azuzuwa wajen 50 da ɗalibbai kusan 2000, waɗanda ke karanta ƙagaggun labarai fiye da goma cikin wata biyu, kafin wakilansu su kulle kansu cikin ɗaki a Rennes a watan Nuwamba.

Abin lura shi ne inda zaɓen yara ya saɓa wa na manya. A 2000 dattawa sun ba Jean-Jacques Schuhl kyautarsu, ɗalibbai kuwa suka ɗauki Allah n'est pas obligé na Ahmadou Kourouma, labarin Birahima, yaron da aka rataya wa bindiga a yaƙin Laberiya da Saliyo. Léonora Miano ƴar Kamaru ta ci a 2006, Gaël Faye a 2016, sai David Diop a 2018 da labarin sojojin Afirka a yaƙin duniya na farko. Su kuwa dattawan, sai a 2021 suka karrama marubuci daga Afirka kudu da Sahara, Mohamed Mbougar Sarr na Senegal.

Zaɓen 2020 ya fi kusa da gida. Djaïli Amadou Amal, ƴar Marwa a arewacin Kamaru, ta ba da labarin mata uku, Ramla, Hindou da Safira, da auren dole, da zaman kishi, da kalmar munyal ta Fulatanci, wato haƙurin da ake cusa wa amarya tun ranar da za a kai ta ɗaki. Duk malamin da ya taɓa ganin kujerar ɗaliba ta zauna wayam a tsakiyar shekara ya san wannan labari. Matasan Faransa ba su san Marwa ba, amma sun gane sa'arsu.

Sai dai ƴancin nan yana da iyaka, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Ɗalibbai ba su zaɓe sai cikin jerin da manya suka tsara, kamfanin da ke raba littattafan kuma shi ne mai sayar da su. Littafin Amal ya fara fitowa ne a Yawunde tun 2017 da sunan Munyal. Bai isa hannun waɗannan alƙalai ba sai da wata maɗaba'a ta Paris ta sake buga shi da sabon suna, Les Impatientes.