Zubar da Sha Biyu: Tarihin Wata Ƙa'ida ta Ilmin Hisabi

A zamanin ƙuruciyata a Malikanchi ta ƙasar Ikara, sa'ad da hunturu kan sauka, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya riƙa tashi daga fadamun rake tun daga wajenmu har Maƙarfi da Kudan, akwai wani dattijon malami da muke ɗaukar karatun Ahalari da Ishmawi a zaurensa, wanda bayan fiƙihu Allah ya hore masa rabo mai yawa a ilmin hisabi. Wata rana da hantsi wani magidanci ya yi sallama, ya tuɓe takalmansa, ya gurfana, ya ce an yi masa haihuwa, yana son a duba masa burujin jaririn. Malam ya tambayi sunan yaro da na mahaifiyarsa, aka ce Ali da Faɗima. Sai ya jawo allo, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fassara haruffa zuwa adadi bisa ƙa'idar abajada: ainun 70, lamun 30, ya'un 10, Ali ya tashi 110, Faɗima kuwa ta tashi 135. Daga 110 ya yi ta zubar da sha biyu-sha biyu har saura 2, daga 135 saura 3, ya haɗa su, ya ce biyar, burujin Asad ke nan.

Da baƙon ya tafi sai na yi ƙarfin hali na ce, "Allah gafarta Malam, da an fara tara su gaba ɗaya kafin a zubar, ashe ba wani abin dabam zai fito ba?" Ya yi murmushi ya miƙo mini allon, ya ce, "Ungo, ɗan nan, gwada da hannunka." Na tara na sami 245, na zubar da sha biyu sau ashirin, sai ga biyar ɗin nan tana dubana.

Ba nufina ba ne in kare duba, domin malaman Sunna sun daɗe da yin hani a kansa, kuma ban ga dalilin da zai haɗa ƙaddarar jariri da tawadar sunansa ba. Abin da ya riƙe hankalina shekara da shekaru shi ne lissafin kansa, wanda ba ya ƙarya ko da an ɗora shi a kan abin da ba shi da tushe. Aikin da Malam ya yi yana da sifofi biyu. Ta farko ita ce riƙon amana, watau ko ka tara sannan ka zubar, ko ka zubar sannan ka tara, makoma ɗaya ce, haka kuma in ninkawa ka yi. Ta biyu ita ce gamewa, watau a cikin gidajen nan goma sha biyu babu gidan da za a rasa adadin da zai sauka cikinsa. Aikin da ya cika sifar farko masana aljabara na wannan zamani suna kiransa homomofizim, wanda kuwa ya haɗa duka biyun shi ne suka daɗe suna kira efimofizim, daga kalmomin Yunananci guda biyu masu ma'anar "a bisa" da "sura". Tarihin yadda wannan lafazi ya sami ma'anarsa, sa'an nan ma'anar ta zame daga hannun waɗanda suka raɗa shi, shi ne abin da nake son in bi sawunsa.

Sunan aljabara kansa daga Bagadaza ya fito. A wajen shekara ta 820, zamanin halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya wallafa littafinsa a kan hisabin jabru da muƙabala, kuma abin da sau da yawa ake mantawa shi ne babban kaso na littafin nan a kan wasiyya da rabon gado yake, domin alƙalai da masu raba tarika su ne suka fi kowa bukatarsa. An juya shi zuwa Latin a Andalus a 1145, kalmar jabru ta shiga bakin Turawa ta zauna. Ƙasar Hausa ma ba ta kasance 'yar kallo ba, gama Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan ilmin haruffa da aufaƙi, watau hatimai, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje uku-uku, ko biyar-biyar, ko bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Duk wanda ya taɓa cika irin wannan hatimi ya san sirrin aikin: idan alƙalami ya fice ta gefen dama sai ya shigo ta hagu, idan ya fice ta sama sai ya ɓullo ta ƙasa, wanda ba kome ba ne face zubar da biyar ko bakwai a cikin wata riga. Wannan bawan Allah ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Sai dai aiki da ƙa'ida dabam, tsayar da ita a matsayin ilmi mai ta'arifi da burhani dabam, kuma wannan mataki na biyu a Jamus aka taka shi. A 1801 Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya buga littafinsa na ilmin adadi, ya buɗe shi da babin adadai masu saura iri ɗaya, ya ba su alama tasu ta musamman, har zubar da sha biyu ya zama fanni mai dokoki. Bayan ƙarni guda da 'yan kai, a jami'ar Gottingen, wata mata mai suna Emmy Noether, wadda aka daɗe ana hana ta albashi da muƙami saboda kasancewarta mace, ta koya wa almajiranta su daina ƙura wa adadai ido ɗaya bayan ɗaya, su dubi tsarin da ya ɗaure su. Tsarin da ake iya tarawa da ɗebewa da ninkawa a cikinsa shi ake kira zobe, wanda kuwa aiki guda ne kawai a cikinsa, mai yiwuwar warwarewa, shi ake kira ƙungiya. Ta fayyace ƙa'idar da yanzu ke farkon kowane littafin fannin, cewa duk wani aiki mai amana mai gamewa, in ka tone shi, zubarwa ce kawai: akwai wani abu da ake mayarwa sifiri, kamar yadda Malam ya mayar da sha biyu da 'ya'yanta, abin da ya rage kuwa shi ne sabon tsarin. Almajirinta van der Waerden ya tattara wannan koyarwa a littafi a 1930 da 1931. Ita kuwa gwamnatin Hitila ta kore ta daga aiki a 1933 saboda Bayahudiya ce, ta yi hijira zuwa Amurka, ta rasu can a 1935.

Cikin waɗanda suka zauna a majalisinta a Gottingen akwai wani saurayi Ba'amurke, Saunders Mac Lane, wanda daga baya ya haɗu da Samuel Eilenberg, mutumin Warso da ya bar Folan a 1939, ana gab da yaƙi. A 1945 su biyun suka fitar da maƙalar da ta kafa abin da ake kira nazariyyar kategori, kalmar kuwa aro ce daga Arisɗo da Kant, ita ce wadda ɗaliban manɗiƙi a zaurukanmu suka sani da sunan maƙulat. Shawarar da suka zo da ita tana da ban mamaki, domin cewa suka yi a rufe kowane tsari kamar yadda ake yaɓe bakin rumbu, kada a leƙa abin da ke ciki, a dubi kibiyoyin da ke tashi daga wannan rumbu zuwa wancan kawai, da yadda kibiya ke ɗoruwa a kan kibiya. To, a nan mas'ala ta taso: wanda ya haramta wa kansa leƙa cikin rumbu, ta yaya zai ce kibiya ta game duk abin da ke ciki?

Jawabin da aka samu yana kama da hukuncin shaida a gaban alƙali. A ɗauka kibiya ta taso daga gari na farko ta sauka a na biyu, sa'an nan ga manzanni biyu amintattu da ke ɗaukar saƙo daga gari na biyu zuwa na uku. Idan ya zamana duk lokacin da manzannin nan suka yi ittifaƙi a kan abin da kibiyar ta kawo, to, tilas ne su yi ittifaƙi a kan kome da kome na gari na biyu, har su zama manzo ɗaya, wannan kibiya ita ce efimofizim a sabon isɗilahi. Ba a ambaci mazauna garin ba ko sau ɗaya, amma ma'anar ta fito. Kibiyar da ta game kowane gida lalle ta cika wannan sharaɗi, tun da ba ta bar wani lungu da manzanni za su saɓa a kansa ba. A tarin abubuwa marasa tsari kuma, da a tsakanin ƙungiyoyi, an tabbatar da cewa akasin haka ma gaskiya ne, ko da yake burhanin na ƙungiyoyi yana da ɗan wuya. Saboda haka aka zaci an sami tsohuwar ma'ana ce cikin sababbin tufafi.

Zobe ne ya karya wannan zato, kuma da misalin da yaron makarantar allo zai iya bi. Ɗauki cikakkun adadai, ɗaya, biyu, uku, da sifiri da kishiyoyinsu, ka shigar da su cikin babban gidan da ya ƙunshi har da ɓangarori, irin su nusufi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni. Wannan shigarwa ba ta game ba ko kusa, domin tsakanin sifiri da ɗaya kaɗai akwai ɓangarori da ba su ƙidayuwa waɗanda babu cikakken adadin da ya taka su. Amma a kawo manzanni biyu masu kiyaye tarawa da ninkawa, waɗanda suka yarda da juna a kan cikakkun adadai, a tambaye su sulusi. Sulusi ba shi da wata haƙiƙa face shi ne abin da in an ninka shi da uku ya ba da ɗaya. Manzannin sun riga sun yi ittifaƙi a kan uku, sun yi a kan ɗaya, abin da ke warware uku kuwa ba shi da na biyu. Don haka ba su da mafita sai su yi ittifaƙi a kan sulusi, haka sudusi, haka kashi bakwai cikin tara, haka kowane ɓangare. Kibiyar ba ta shiga kowane gida ba, amma hukuncinta ya zartu a kan kowane gida, kamar hakimin da bai taɓa kwana a wata ruga ba alhali ba a yanke magana a can sai da yawunsa. Ba'amurke John Isbell, da ya zurfafa bincike a kan wannan a 1966, da kalmar mulki ya sifanta abin da ƙaramin tsari ke yi wa babba. A ganina nan ne sabon ta'arifin ya biya kuɗin shigarsa, gama ta'arifin da bai faɗi kome ba sai abin da tsohon ya riga ya faɗa, ado ne kawai.

Wannan ilmi bai tsaya nesa da mu ba. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya a watan Oktoba na 1962, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Ikara ko Hunƙuyi. Iya Abubakar, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa wanda ya yi digirin dakta a Kambirij, ya shugabanci sashen lissafinta, daga baya ya riƙe jami'ar baki ɗaya daga 1975 zuwa 1978. Tun daga lokacin 'ya'yan manoman rake suke zama a ajujuwan Samaru suna kwafar ƙa'idar Noether daga allon bango, da Turanci, galibi ba tare da an ce musu kakanninsu suna zubar da sha biyu ba.

Na ƙara ganin Malam da lissafi sau ɗaya kafin rasuwarsa, ranar da aka kira shi rabon gadon wani manomi da ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba, da fadamar rake. Matar tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, iyayen kowanne sudusi. Ban ji ya yi wata doguwar magana a kan ɓangarori ba. Cewa ya yi asalin mas'ala 24 ne, ya aike ni in tsinto tsakuwa, ya ware 3 ga matar, 16 ga 'ya'yan, 4 ga uba, 4 ga uwa, sai ga tsakuwa ta kai 27. Ya ce mas'ala ta yi auli, ita ce Mimbariyya da ake danganta hukuncinta ga Sayyidina Ali yana bisa mumbari a Kufa, sumunin matar ya koma tusu'i. Ƙanin mamacin ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, to yaya za a yi da fadamar?" Malam ya tattara tsakuwar a tafin hannunsa, ya ce a nemo igiya, a auna ta gida ashirin da bakwai.