Wangarawa, Yaji da Rumfa: Ina Imani Yake Shiga?

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Abdurrahman Zaite na jagorantarsu. Shi kuwa littafin Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 bayan Hijira, Muhammad Alhaji ya buga shi a 1968, ya kawo Zaiten nan Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), har ya haɗa shi da shehin malami Al-Maghili. Tsakanin riwayoyin biyu akwai kusan shekara 100. Mutum ɗaya ba ya isowa gari ɗaya karo na farko sau biyu.

Ni na fi karkata ga Aslul Wangariyyin, domin ya girmi Tarihin Kano da muke da shi a hannu, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi. Shi ma ɗin bai tsira ba: ya ce ayarin ya baro Mali a 835 bayan Hijira, wato wajen 1431, ke nan sun yi shekara 30 da 'yan kai a hanya kafin Rumfa ya hau gado. Tafiyar da, da yada zango nan da can, tana iya ɗaukar haka, amma dai da sauran magana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke yamutsa fuska in an taɓo wannan saɓani, kamar an taɓa aƙida. Ranar zuwan Zaite ba ta cikin shika-shikan imani. Malamanmu na farko sun fi mu ƙarfin hali a nan. Ɗabari ya faɗa tun a gabatarwar tarihinsa cewa abin da ya iso masa yake isarwa, alhakin yana wuyan masu riwaya. Ibn Khaldun, alƙalin Malikiyya a Alƙahira, ya ƙi yarda da Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000 a zamanin Annabi Musa (AS), ya auna adadin da faɗin ƙasar da kuma 'yan kakannin da ke tsakanin Musa da Yaƙub (AS). Malaman hadisi kuwa sun raunana dubban riwayoyi, ba su ga sun rage wa addini komai ba.

In har an halatta bin diddigin wanda ya ce ya ji daga Sahabi, ban ga dalilin da zai sa a kyale marubucin fada da ya rubuta labarin Yaji shekara 500 bayan rasuwarsa ba.