Lamuni

Lamuni (suna, namiji; aikatau: lamunta). Tsaya wa mutum a kan bashi ko wani haƙƙi da ke wuyansa, da alkawarin cewa in ya kasa, mai tsayawar zai biya. Ya bambanta da jingina, inda gona ko babur ke zama madogara. A nan mutum ne da kansa.

Manomin tumatir a Janfalan da ke neman taki bashi kafin rani yakan je da wansa ko dattijon unguwa wurin ɗan kasuwa. Haka dillalin rake a Makarfi kan tsaya wa baƙon da ya loda mota bai cika kuɗi ba. Kalmar "na tsaya masa" nauyi gare ta, kuma gidaje sun sha ɓaci a kanta.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na yankin ke bi, ba a kama mai lamuni sai in wanda ya ci bashin ya tsiyace ko ya ɓace, kuma haramun ne karɓar lada a kan tsayawar.

Gwamnati ma tana yi. Asusun lamunin bashin noma da aka kafa a 1977 ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya yana biyan banki har kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya.