Matar da ta auna fatar ruwa a wurin wanke-wanke

1/ Jiya ina wanke-wanke, na watsa ruwa a farantin da aka ci miyar manja da shi. Ruwan ya ƙi kwanciya, sai ya dunƙule ɗigo-ɗigo. Da na sa sabulu na ɗauraye, sai ya baje sumul. Duk mun saba ganin haka. To akwai wata mata a Jamus da ta tsaya ta nemi dalili tun shekaru sama da 140 da suka wuce. Ku biyo ni ku sha labari. Zare 🧵

2/ Kafin mu kai gare ta, bari mu gane abin tukuna. Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu. Na tsakiya ana jan su ta ko'ina, na sama kuwa ta gefe da ƙasa kawai ake jan su. Shi ya sa saman ruwa yake ɗaurewa kamar fatar ganga. Idan ka ajiye allura a hankali, za ta iya kwanciya a kai ba ta nutse ba.

3/ Idan ɗigo ya sauka a kan abu mai tauri, kokawa ce ake yi. Abin yana jan ruwan, ruwan kuma yana jan kansa. In jan abin ya rinjaya, ruwa ya baje, kamar a kan gilashi mai tsafta. Wannan jan ne ma yake hawar da kananzir cikin lagwanin fitila. In kuwa ruwa ya fi son kansa, sai ya dunƙule.

4/ Wanda ya fara tsara wannan bayani shi ne Thomas Young, wani likita a Ingila, a 1805. Ya ce a dubi kusurwar da gefen ɗigo yake yi da abin da ya zauna a kai. Yau in ta gaza digiri 90 muna cewa abin yana jiƙuwa, in ta haura kuma yana korar ruwa. Ku tuna yadda ruwan sama yake gangarewa a ganyen gwaza kamar dutsen ado.

5/ Bayani ya samu, amma awo ya yi wuya. Ɗan datti kaɗan, ko maiƙon yatsa, ya isa ya ɓata sakamako. Kun san ƙanƙantar maiƙon da ake magana? A 1774 aka buga rahoton Benjamin Franklin: ya zuba mai cokalin shayi ɗaya a wani tafki a Clapham, Landan, man ya kwantar da ruwan kusan rabin eka.

6/ Ke nan duk mai son auna ruwa, sai ya fara samun hanyar share samansa tas. A nan ne Agnes Pockels ta shigo. An haife ta a 1862 a birnin Venice, babanta hafsa ne a sojan Ostiriya. Rashin lafiya ta sa ya ajiye aiki, iyalin suka koma Braunschweig a Jamus a 1871.

7/ Ta gama makarantar 'yan mata tana matuƙar son fizis, amma a lokacin jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar mata. Ko da aka fara sassautawa daga baya, iyayenta ba su bar ta ba. Ta zauna gida tana jinyar su tana aikin gida. Ƙanenta Friedrich shi ya tafi jami'ar Göttingen. Littattafansa take ɗauka tana koya wa kanta.

8/ Matar ƙanen nata ta ba da labari daga baya cewa a ruwan wanke-wanke mai maiƙo Agnes ta fara lura. Wajen 1882, tana shekara 20, ta haɗa nata kayan awo: doguwar tasa ta kwano, tsawonta santimita 70, faɗi 5, zurfi 2. Kamar ɗan komin shayar da tumaki. Sai ta cika ta da ruwa maƙil.

9/ Ta gitta wani siririn ƙarfe a kan tasar yana taɓa saman ruwan. In ta ja shi, sai ya share dattin sama ya tara shi gefe guda, ɗaya gefen ya zama tsaf. Sannan ta rataya ɗan faifai kamar maɓallin riga a jikin sikeli, tana auna ƙarfin da ake buƙata kafin ya rabu da ruwan. Shi ke nan fa kayan aikin.

10/ Da wannan ta gano cewa in maiƙo ya yi kaɗan a saman ruwa, ɗaurin fatar ba ya canjawa. Amma in ka matse maiƙon ya kai wani mizani, nan take ɗaurin zai fara sauka. Daga baya aka fahimci dalili: a daidai nan ƙwayoyin man suka haɗu kafaɗa da kafaɗa, shimfiɗa ɗaya tak.

11/ Kusan shekara goma tana wannan aiki, masana a ƙasarta ba su kula ba. Sai ta ji cewa Lord Rayleigh a Ingila yana irin binciken. A Janairun 1891 ta rubuta masa wasiƙa da Jamusanci. Matarsa ta fassara, shi kuma bai ɓoye ba, bai ce nasa ne ba. Ya aika wa mujallar Nature, aka buga ranar 12 ga Maris 1891 da sunanta.

12/ Ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba da bincike kan yadda ruwa da mai suke manne wa gilashi, da kusurwar nan da Young ya yi magana a kai. Duk daga gida, ba albashi, ba ɗakin gwaji.

13/ A Amurka, Irving Langmuir na kamfanin General Electric ya ɗora a kan dabarar tasarta, ya fitar da aikinsa a 1917, ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1932. A shekarar ne kuma jami'ar fasaha ta Braunschweig ta ba Agnes digirin girmamawa na dakta, tana shekara 70. Ta rasu a 1935.

14/ Wata matar ce ta ƙarasa zancen. Katharine Blodgett, abokiyar aikin Langmuir, ta gano yadda ake tsoma gilashi a tasar a kwaso shimfiɗar nan ɗaya bayan ɗaya. A 1938 ta fito da gilashin da ba ya ƙyalli. Shimfiɗar da kaurinta bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin miliyan na milimita ba, ta isa ta sa gilashi ya koma korar ruwa.

15/ Wannan fahimtar, cewa fatar sama ce take yanke hukunci ba cikin abu ba, ita ake bi wajen yin rigar ruwa, da kaskon da ba ya kamu, da rufin da yake rage shatin yatsa a gilashin wayarka. Sabulu ma haka: gefe ɗaya na ƙwayarsa yana kama mai, ɗayan yana kama ruwa, ya kuma sassauta fatar ruwan har ya baje.

16/ Abin da ya tsaya mini a rai shi ne littattafan Friedrich. Da ya kulle su a akwati, da wataƙila ba mu ji sunanta ba. Mu da Allah Ya ba damar zuwa jami'a, mu nawa ne muke da ƙanwa ko yaya a gida mai yawan tambaya, muna ce mata ta cika surutu? In ka je hutu, don Allah ka bar mata littafinka.

17/ Ku gwada yau da ƙannenku: zuba ruwa a faranti mai tsafta, barbaɗa garin masoro a sama, ɗiga sabulun ruwa a yatsa ka taɓa tsakiya. Ku turo mini hoton abin da ya faru, ku kuma faɗa mini dalili. Amsar tana lamba 2 da 15 😄